Shirun da Aka Yanke Mata

Litinin

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da ɗiyata, kuma ciwon bayan nan da kike ta ƙorafi a kansa ya lafa. Mu nan lafiya lau, sai mai ɗakina da ke fama da mura, ni kuma kunnen hagu ya fara yi min ƙara saboda hedifon. Kada ki yi dariya. Ku kuka laƙaba min Kunnuwa tun muna yara, ga shi kuma yau da su nake ci.

Na bi umarninki ban kira a waya ba, tunda kin ce bangon ɗakinku katako ne, duk abin da aka faɗa a falo ɗiyata tana ji. Direban da ya kawo miki wannan takarda mutumin kirki ne, kullum yana bin hanyarku, kina iya ba shi amsa.

Ga maganar. Gidan rediyonmu zai yi wasan kwaikwayo mai kashi takwas. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara sha biyar, mai in'ina, wadda ta kulle kanta a ɗaki ta daina makaranta, ta koma hira da zuciyarta da muryoyin da take jiyowa ta bango. Da na karanta rubutun wasan gabana ya faɗi, don kamar marubucin ya leƙo gidanku. Wallahi ban taɓa ba shi labarinta ba.

Masu ɗaukar nauyin shirin sun kafa sharaɗi. Ba su yarda a ɗauko 'yar wasa mai lafiyayyen baki ta kwaikwayi in'ina ba, dole mai abin ce za ta yi. Sun ba mu wata takarda mai gidaje-gidaje: mata nawa, masu nakasa nawa, mutanen karkara nawa, kowane gida sai an cike shi. Duk mun cike sai wannan. Sati uku Darakta tana nema, iyaye suna rufe mata ƙofa.

Ki ba ni ita sati biyu. A gidana za ta zauna, mai ɗakina za ta kula da ita. Ba kyamara, ba mai ganin fuskarta. Kuma ni ne mai gyaran sauti, duk kalmar da ta fito daga bakinta sai ta bi ta hannuna kafin duniya ta ji. Wata bakwai ke nan tana ɗaki, Yaya. Ki duba maganar.

Ƙaninki,
Kunnuwa

Alhamis

Kunnuwa,

Na samu takardarka. Lafiya muke. Baya yana nan yadda ka san shi, wadda ke tsaye tun safe tana ɗibar jinin mutum saba'in ai ba ta rabuwa da ciwon baya. Maigidan yana kan hanya da babbar motarsa, sai ƙarshen wata. A gai da mai ɗakinka da jiki.

Yanzu ka buɗe manyan kunnuwan nan ka ji. A'a.

Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, shi ya sa ban yaga takardar ba. Shekara huɗu ba ka tako gidan nan ba, ranar da ka tuna da mu sai don akwai gidan da ba a cike ba a takardar wasu. 'Yata ce za ta cike muku shi? Haba Kunnuwa. Ni ma a wurin aiki takardu nake cikewa, na san yadda ake yi da su in an gama, a ɗaure da roba a jefa a kabad.

Ko ka manta abin da ya kai ta ɗakin? Malamin nan ya tsayar da ita a filin taro gaban 'yan makaranta ɗari huɗu, ya ba ta sanarwa ta karanta, wai ta haka tsoro zai fita. Ta tsaya baki a buɗe, ba abin da ya fito, har aka fara yi mata tafin shaƙiyanci. Ta dawo gida ta cire takalmi, tun ranar ba ta sake sa shi ba. Abinci a bakin ƙofa nake ajiye mata. Wanka sai ta ji na fita aiki. In maƙwabta suka shigo, ko motsin gado ba za ka ji ba. Mutum ɗari huɗu ne suka yi mata haka, kai kuma kana son kai ta gaban waɗanda ba sa ƙidayuwa.

Ban ma gaya mata ba, me zai sa in tayar mata da hankali a banza. Ku nemi wata.

Yayarka

Lahadi

Kunnuwa,

Lafiya, amma raina a ɓace yake. Mutuniyarka ta binciki jakata tana neman almakashi, ta ga takardarka. Da na dawo aiki na tarar da ita a kan tebur, an rubuta a bayanta da jan biro: "Yaushe?"

Na tsaya a bakin ƙofarta na yi ta bayani har miyau ya ƙafe. Na ce mata rediyo ba wasa ba ne, na ce mata kai ma ba mai hankali ba ne sosai. Ko tari ba ta yi min ba. Washegari na ga takalmanta a waje, ta wanke su ta jingina a rana.

Ni zan kawo ta Asabar, in juyo Lahadi don ba ni da hutu. Ba ta shan abu mai sanyi, kuma ba ta son a tsura mata ido. In wani abu ya same ta a hannunka, ka san ni.

Yayarka

Juma'a

Yaya,

Gaisuwa, da fatan baya ya yi sauƙi. Ɗiyata lafiyarta ƙalau, gobe za mu sako ta a mota, mai ɗakina za ta rako ta kamar yadda kika ce. Har kumatu ta yi, za ki gani.

Ranar farko na ce na shiga uku. Awa biyu tana gaban makirufo ba ta ce uffan ba, Darakta tana kallona, ni ina kallon takalmina. Ɗakin ɗaukar muryar ƙarami ne, bangonsa duk soso, ba taga sai gilashin da muke leƙenta ta ciki. Can sai ta tashi ta juya kujerar ta fuskanci bango, ta ba mu baya, ta jawo makirufon gabanta. Daga nan magana ta fara fitowa. Haka muka yi kwana goma sha biyu muna kallon ƙeyarta.

Kuma kada ki gan ta shiru-shiru, 'yar nan taki akwai tsiya. Marubucin ya sa yarinyar wasan tana in'ina har a cikin tunaninta. Sai ta miƙa masa 'yar takarda: "A cikin kaina ba na in'ina. Kai kana tari a cikin naka?" Mutumin ya sha kunya, ya je ya sake rubuta wuraren. Muryar zucin da raɗa take yin ta, kuma in tana raɗa ko tuntuɓe ba ta yi.

Ta yi aboki, wani dattijo mai keken guragu da yake fitowa a matsayin uban yarinyar. Shi ma gida ya cike a takardar nan. Sai dai ɗakin namu a bene yake, hawa na biyu, kuma ba wanda ya tuna da haka sai ranar da ya iso. Kullum mu huɗu muke ɗaukarsa da kekensa, yana zaginmu tun daga ƙasa har sama, ya ce wanda ya tsara takardar ya zo ya kama ƙafa ɗaya. A kan matakalar nan na fara jin dariyarta.

Mun ɗauki kashi bakwai. Na takwas ba a rubuta ba, marubucin da Darakta suna ta ja-in-ja kan ko yarinyar za ta buɗe ƙofa a ƙarshe. In sun gama faɗansu sai ta dawo mana kwana ɗaya. Yanzu aiki ya dawo kaina, ki bar min sauran.

Ƙaninki

Laraba

Kunnuwa,

Muna lafiya. Sun iso lafiya, mai ɗakinka ta sha hanya, Allah ya saka mata.

Ba na son yabonka don kanka yana da saurin kumbura, amma ba zan ɓoye ba. Yarinyar da ka dawo min da ita ba wadda na kai maka ba ce. A tebur take cin abinci. Shekaranjiya ta ɗauki jaka ta je kantin bakin titi ta sayo sabulu, ni kuwa na laɓe bayan labule ina leƙenta kamar ɓarauniya har ta dawo. Jiya ta fito da rigar makaranta ta shimfiɗa a kan kujera, ta nuna min inda ta yi mata gajarta. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ta ji ni. Sabon zango saura wata biyu, ban ce komai ba, ina tsoron in yi magana abin ya tashi.

Na gaya wa duk layinmu su kunna rediyo Asabar ƙarfe huɗu. Na gaya wa 'yan wurin aiki. Har marasa lafiyar da nake ɗaure wa hannu ban ƙyale ba, mutum yana runtse ido saboda allura ina gaya masa tashar da zai kama.

Na gode, Kunnuwa. Ka adana takardar nan, ba za ka sake ganin irinta ba.

Yayarka

Talata

Kunnuwa,

Lafiya. Mun ji kashi na farko. Kowa a layin nan ya ji. Tun ranar ba ta fito ba. Ba zan iya rubuta fiye da haka yau ba, hannuna rawa yake yi.

Yayarka

Alhamis

Yaya,

Gaisuwa da murna! Muna lafiya, mura ta saki mai ɗakina ta kama ni, amma yau ko a jikina.

Ni ma ai hannuna rawa ya yi ranar. Batun ɓuya kuma kada ya dame ki, kunya ce. Duk wanda ya fara jin muryarsa a rediyo haka yake yi, ni kwana biyu na yi ban iya haɗa ido da maigadi ba. Ki ba ta sati, za ta fito da kanta tana neman a sake kunna mata.

Yaya, wayar ofis ba ta huta ba. Wata malamar makaranta ta kira ta ce sai da ta ajiye guga ta zauna. Wani ya ce ɗansa haka yake, bai taɓa jin irinsa a rediyo ba. Masu ɗaukar nauyin shirin sun aiko da takardar yabo, kuma suna son hotonta don rahotonsu, tana riƙe da makirufo, in da hali tana murmushi. Na ce zan tambaye ki.

Ba yabon kai ba, kwana tara na yi a kan kashin farko kaɗai, kuma na rantse ba mai kunnen da zai gane inda na taɓa. Ki gai da tauraruwarmu.

Ƙaninki

Asabar

Kunnuwa,

Ba gaisuwa yau. To, a gai da mai ɗakinka, ita ba ta yi min komai ba.

Kunya? Na rubuta maka hannuna yana rawa, ka ɗauka murna ce? Kai wane irin mutum ne? Kunnuwan nan ado ne kawai?

Bari in gaya maka abin da ya faru, tunda sai an tauna maka. Da kanta ta fito falo, ta zauna kusa da rediyo ta ɗora hannu a kansa. Maƙwabta biyu suka shigo, ba ta gudu ba. Aka yi kiɗa, aka yi raɗar nan, tsigar jikina ta tashi. Sai uban ya buga ƙofa, sai muka ji muryar 'yata ta ce, "Ku-ku-ku-ku bar min ƙofata."

Kunnuwa, yaushe 'yata ta taɓa cewa ku-ku-ku? Shekara sha biyar ina tare da ita. Ita maganarta tsayawa take yi cak, numfashi ya riƙe, jijiyar wuya ta tashi, sannan kalmar ta faɗo gaba ɗayanta. Ba ta maimaita komai. Wannan ku-ku-ku ɗin na san shi sarai, shi ne wanda 'yan ajinsu suke yi in suna kwaikwayonta. Muryarta ce, ban musa ba, amma ba ita ta faɗe shi haka ba. Ta ɗago ta dube ni, ta girgiza kai, ta tashi ta shige. Maƙwabciyata kuwa har da share hawaye, tana cewa Allah sarki, ashe haka abin yake.

Yanzu yaran layi sun samu waƙa. Suna hutu, ba su da aikin yi, sai su taru ƙarƙashin tagarta suna ku-ku-ku kamar kurciya. Sau uku ina fita da tsintsiya. Da can a bakinsu kawai abin yake, tana iya cewa ƙarya suke yi mata. Yanzu da muryarta suka same shi, rediyo ya faɗa, kuma ni da bakina na tara masa jama'a. Wannan ne ke hana ni sakat. Jiya a wurin aiki sau biyu ina kuskuren jijiya, abin da ban yi ba tun ina ɗaliba.

Rigar makarantar a kwandon shara na tsince ta.

Kuma wai hoto. Wai tana murmushi. Ka gaya wa masu takardar su zo da kyamararsu su ɗauki ƙofa, ita ce kaɗai ake gani.

Me ka yi wa muryarta? Ka ce kwana tara ka yi. Ina son in san abin da ka yi a kwana taran nan, dalla-dalla, kuma kada ka kawo min kalmomin aikinku da ba na ganewa.

Yayarka

Lahadi

Kunnuwa,

Sati uku ke nan tun fitar kashin farko. Direban ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata, kuma shekaranjiya ya gan ka da ƙafafunka kana tsallaka titi, don haka ba mutuwa ka yi ba. Kashi huɗu sun fita. Na cire wa rediyona batir, amma na maƙwabta ba a hannuna yake ba, kuma ka san bangonmu. Kwano yana dawowa bakin ƙofa da fiye da rabin abinci. Makaranta ta kusa komawa.

In ba ka da amsa, ka rubuta cewa ba ka da ita.

Yayarka

Laraba

Yaya,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Jikina lafiya. Sau shida ina fara takardar nan ina yagawa.

Ga abin da na yi. A ɗakin da ake watsa shirye-shiryenmu akwai wata na'ura. In ta ji shiru ya kai sakan bakwai, sai ta ɗauka layi ne ya yanke, ta saki kiɗa da kanta. Haka aka koya mana aikin tun ranar farko, shiru a rediyo ɓarna ce. Shekara goma sha takwas ina yanke tari da gyaran murya daga bakin manyan mutane, hannuna yana yi tun kaina bai yi tunani ba. Ɗiyata kuwa tsayawarta takan kai sakan tara, sha ɗaya, akwai ma ta sha huɗu. Sai na yanke su duka.

Da na kunna wa Darakta, sai ta ce to ina in'inar? Yarinya tana magana sumul kamar mai karanta labarai, masu shirin za su ce mun yaudare su. Ta ce mai sauraro ba ya ganin wuyanta, dole ya ji wani abu da zai gane. A rubutun wasan kuwa haka marubucin ya sa tun farko, ku-ku-ku, don iyakar in'inar da ya sani ke nan. Ita ba ta karanta shi haka ba, yadda bakinta yake ta faɗa. Sai na ɗauki farkon kalmarta na kwafe shi sau uku, na jera, na sa numfashinta a tsakani don kada a ji ɗinkin. Haka na bi kashi bakwai ɗin. Ba wanda ya tilasta ni. Abin da ya fi ci min rai shi ne daɗin aikin na ji, har na kira injiniya ya zo ya ji gwaninta.

Ban tambaye ta ba. Ko a raina bai zo ba cewa abin tambaya ne.

Sati ukun nan faɗa nake yi. Darakta ta ce mutane sun saba da wancan, in aka canza za su ɗauka rediyonsu ne ya lalace. Marubucin ya ce shi an zo an ɓata masa wasa. Ƙarshe dattijon mai keke ne ya ce in ba a mayar wa yarinya da shirunta ba, shi ma kada a sake ɗaukarsa zuwa bene, a nemi wani uban. Injiniya ya yarda zai riƙa kashe na'urar na rabin awa kowace Asabar, da sharaɗin in tsaya kusa da ita da kaina, in wani abu ya faru ni zan amsa. Daga kashi na biyar, yadda ta faɗa haka zai fita. Huɗun da suka wuce ba ni da yadda zan dawo da su.

An rubuta na takwas, Laraba mai zuwa za a ɗauka. In ba ta zo ba, Darakta ta tanadi wata 'yar wasa da za ta kwaikwayi muryarta, kuma kin san wace in'ina za ta kwaikwaya. Ba roƙo nake ba, ba ni da bakin roƙo. Na sa memori a cikin ambulan. Duk abin da ta faɗa a kwana goma sha biyun nan yana ciki, ban taɓa ko numfashi ɗaya ba. Nata ne, ki ba ta.

Ƙaninki

Lahadi

Kunnuwa,

Na amsa gaisuwar, rabi. Lafiya muke. Maigidan ya zo ya koma, ya ce in ya gan ka sai ya ja kunnen nan, na ce ya bi layi.

Memorin ban ba ta nan da nan ba. Na ce ba abin da zai sake shiga ɗakin nan daga hannunka sai na ji shi tukuna. Lokacin hutun rana na sa shi a kwamfutar ofis, abokiyar aikina tana gefe tana jera kwalaben jini.

Na samu wurin ƙofar. Uban ya buga, sai shiru, ina jin numfashinta ya riƙe. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, sai ji na yi na ce wa kwamfuta, "Ku bar min ƙofata." Abokiyar aikina ta juyo ta ce da wa nake. Na ce ba komai. Aka zo wani shirun, na sake. Har inda ba wasa ba ne, inda take hira da dattijon nan kafin a fara ɗauka, nan ma na yi ta cusa mata kalma, kuma sau uku ba abin da na ce ta faɗa ba. Shi dattijon jira kawai yake yi. Labari ta ba shi mai tsawo, na wata mage da ta taɓa haihuwa a cikin kabad ɗinmu, da farkonsa da ƙarshensa, har da muryar babanta tana kwaikwaya. Ni ban taɓa jin 'yata ta ba da labari ba. Sai abokiyar aikin tawa ta ce, "Ai haka kike yi wa marasa lafiya ma, kafin mutum ya gama faɗin abin da ya kawo shi kin soka allura." Na ce ta ji da kwalabenta.

Da na koma gida da yamma na tura takardarka da memorin ta ƙarƙashin ƙofa, na kife bokiti na zauna a wurin. Na daɗe. Sai ƙofa ta buɗe, ga ta tsaye da takardar a hannu. Ta ce, "Mama," sai ta tsaya. Wallahi maganar tana kan harshena: ba za ki je ba, na gane, share, ni zan rubuta masa. Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Na kalli wuyanta, na kalli ƙasa, na riƙe bokitin da hannu biyu. Ban san tsawonsa ba, kai ne mai ƙidayar sakan. A wurina dai ya fi layin marasa lafiya na safiyar Litinin tsawo.

Ta ce, "Zan je. Ni kaɗai."

Na ce me ya sa, ai ina iya neman hutu in raka ki. Na sake jira. Ta ce, "In kina wurin, ke ake tambaya."

Na shiga kicin na yi kukana na fito. Tun ranar nake tuno wuraren da aka tambaye ta na amsa, a kanti, a wurin likita, a gidan 'yan'uwa. Ranar da abin nan ya faru aka kira ni ofishin shugaban makaranta, ya dube ta ya ce me take so a yi. Ta buɗe baki, ni kuma na ce a cire sunanta a wannan zangon. Har yau ban san abin da za ta ce ba.

Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Haushinka yana nan, na dai rasa inda zan tsaya in ji shi da kyau.

Ta ba ni sharuɗɗa biyu in rubuta maka, kuma ta karanta ta tabbatar ban ƙara nawa ba. Na ɗaya, in za ka gyara kashi na takwas tana zaune kusa da kai, ba ka yanke komai sai ta ɗaga kai. Na biyu, ba hoto. Maganar makaranta ban tambaya ba, ita ma ba ta tayar ba.

Motar ƙarfe bakwai za ta hau ranar Talata. Ka je tasha da kanka, kada ka aiko kowa. Ta ce akwai maganar da za ta gaya maka baki da baki, kuma mai tsawo ce, don haka ka nemi wurin zama. Kada ka tambaye ni mece ce. Ban sani ba.

Yayarka